Sawun Kiɗa a Ƙwaƙwalwar Makaɗi

Mai kaɗa gogen Turawa ba ya raba aiki daidai tsakanin hannayensa. Hannun dama yana riƙe da izga, ya ja ya tura, yatsun duka na tafiya tare. A hannun hagu kuwa kowane yatsa da nasa aikin. Manuni ya danna tsarkiya a nan, ɗan auta ya miƙe can, na tsakiya ya ɗaga, duk cikin ƙiftawar ido, kuma da yatsa ya kauce ko da kaɗan ne, sauti ya ɓaci. Babban yatsa ne kaɗai ke samun sauƙi, don shi tallabe wuyan gogen ne aikinsa. Haka ƙwararre ke yi awanni a kowace rana, shekara da shekaru.

A 1995 wasu masana a Jamus, Thomas Elbert na gaba, suka ga cewa wannan rabon aiki gwaji ne da aka riga aka shirya musu. Mutum guda, ƙwaƙwalwa guda, amma hannu ɗaya ya sha horon da ɗayan bai sha ba. Suka samo makaɗa 9: shida masu gogen Turawa, biyu masu babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, ɗaya mai jita. Suka haɗa da mutum 6 da ba su san kiɗa ba. Kowa aka sa kansa a na'urar da ke auna ɗan ƙaramin maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa in tana aiki, sannan aka riƙa ɗan danna masa kan yatsa, ana duba inda saƙon ya sauka da ƙarfin amsarsa.

A hannun dama ba a ga bambanci tsakanin makaɗa da sauran ba. A hannun hagu amsar ƙwaƙwalwar makaɗa ta fi ƙarfi, alamar cewa yatsun sun ci fili mai faɗi a cikinta. Babban yatsa, wanda ba ya wahala sosai, bambancinsa kaɗan ne. Waɗanda suka fara goge tun suna ƙanana, nasu ya fi fitowa fili. Ƙwaƙwalwa ta bi aikin yatsa-yatsa, kamar yadda kanta ke fitowa a tafin manomi daidai inda ƙotar fartanya ke gugarsa.

Yadda ake leƙa ƙwaƙwalwar mai rai

Masana sun daɗe suna zargin haka, kayan aiki ne babu. A farkon ƙarni na 20 wani likita a Frankfurt, Sigmund Auerbach, ya riƙa duba ƙwaƙwalen sanannun makaɗa bayan rasuwarsu, ya ce ya ga wuraren da ke kula da ji sun fi na sauran mutane girma. A Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya yi hasashen cewa ƙwarewar mai fiyano ba za ta samu ba sai tsofaffin hanyoyin jijiya sun ƙarfafa, sababbi kuma sun tsiro. Amma gawa ba ta koyon kiɗa, ba yadda za a auna ta kafin horo da bayansa.

Na'urar MRI, wadda ta shiga asibitoci a shekarun 1980, ita ta kawo sauƙi. Mutum zai kwanta a tura shi cikin wani bututu da maganaɗisu mai ƙarfi ya kewaye. Jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan kuma suna jeruwa in sun shiga maganaɗisu. Sai na'urar ta aika musu igiyar rediyo ta girgiza su, ta saurari amsar da suke mayarwa. Da yake kowane irin nama da yawan ruwansa da kitsensa, amsar na bambanta, kwamfuta kuma ta mayar da ita hoto yanka-yanka, har zuwa kaurin milimita 1. Ba tiyata, ba kuma irin hasken da ake hoton ƙashi da shi. Abin da ke damun mai kwanciya ƙarar na'urar ce da hana motsi.

Ƙwaƙwalwar baligi nauyinta bai kai kilo 1.5 ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Inda jikin ƙwayoyin ya taru, musamman a ɓawon waje mai lanƙwashe-lanƙwashe, launin toka ne, kuma nan ake sarrafa saƙo. A ƙarƙashinsa akwai farin sashe, wato zaren jijiyoyin da ke kai saƙo daga wuri zuwa wuri, kowanne lulluɓe da wani kitse mai sa saƙon sauri. Ƙwaƙwalwar kuma ɓari biyu ce, na hagu yana tafiyar da daman jiki, na dama yana tafiyar da hagu. Shi ya sa wanda jini ya toshe masa a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, hannunsa na dama ke shanyewa. Tsakanin ɓarin biyu akwai gada ta zaren jijiya kimanin miliyan 200, likitoci na kiranta kofus kalosum. Ta nan hannu ɗaya ke sanin abin da ɗayan ke yi.

Gada da filin ji

A shekarar da Elbert ya auna yatsu, Gottfried Schlaug da abokan aikinsa a Düsseldorf gadar suka auna. Makaɗa 30, masu fiyano da masu goge, da mutum 30 da ba makaɗa ba. Rabin gadar na gaba ya fi kauri a makaɗa, kuma da aka kasa su gida biyu sai aka ga bambancin daga waɗanda suka fara kiɗa kafin shekara 7 ya fi fitowa. Hankali ya ɗauki wannan. Kiɗan hannu biyu, kowanne da tafiyarsa amma dole su haɗu a kan bugu ɗaya, yana sa ɓarin biyu su yi ta aika wa juna saƙo ba tsayawa.

Daga nan aka shiga awo ka'in da na'in. A Heidelberg, a 2002, Peter Schneider ya duba wani ɗan tudu a gefen ƙwaƙwalwa, can ciki daura da kunne, inda sauti ke fara sauka. Sashen toka na wannan wuri a ƙwararrun makaɗa ya fi na waɗanda ba makaɗa ba da kashi 130 cikin 100, wato ya ninka har da ɗori. Masu kiɗa don nishaɗi suka faɗo tsakiya. A 2003 Christian Gaser da Schlaug suka kwatanta maza 80: 20 masu cin abinci da fiyano, 20 masu ɗan taɓawa a gida, 40 da ba su taɓa ba. Abin ya sake fitowa hawa-hawa a wuraren motsi da na ji da na gani, ƙwararru a sama, 'yan nishaɗi a tsakiya, sauran a ƙasa.

Akwai wanda ido ma ke gani ba sai da lissafin kwamfuta ba. Wurin da ke tafiyar da hannu yana da wani lanƙwasa, wanda a makaɗa da yawa yakan fito sosai da siffar harafin Girkanci omega. Marc Bangert da Schlaug sun nuna a 2006 cewa a masu goge, a ɓarin dama ya fi fitowa, wato mai kula da hannun hagu. A masu fiyano kuwa ɓarin hagu ne, don a yawancin kiɗan fiyano hannun dama ne ke ɗaukar gudu da ado. Ke nan mai duba hoto zai iya yin canki mai kyau a kan abin kiɗan da mutum ke kaɗawa.

Ba ko'ina ake samun ƙari ba. A Bochum, a 2019, Lara Schlaffke ta duba masu ganga 20 da suka yi kimanin shekara 17 suna kiɗa, ta kwatanta su da mutum 24 da ba makaɗa ba. Awon ya nuna cewa a gaban gadarsu zaren bai kai na sauran yawa ba, amma ya fi kauri. Da aka ba su aikin yatsu a cikin na'urar kuma, sashen motsi na masu ganga bai kai na sauran wahala ba. Ƙwararre ba ya ƙona ƙarfi mai yawa a kan abin da ya iya.

Duk waɗannan awon a kan masu kayan kiɗan Turawa aka yi su, irin su fiyano da goge da ganga. Amma rabon aikin da ya jawo su sananne ne a ƙasar Hausa. Mai goge ko kukuma shi ma yatsun hagu ne ke taɓa tsarkiya, dama na jan izga. Mai kalangu kuwa aiki uku yake yi lokaci guda: dama na bugu, damtsen hagu da yatsu na matse igiyoyi suna saki don sauti ya hau ya sauka, kunne kuma na bin mawaƙi. Irin wannan haɗin kunne da gaɓoɓi shi ne abin da hotunan ke nuna sawunsa.

Gado ko haye

A nan ne ɗalibi mai lura zai ɗaga hannu. Hoto ya nuna gadar makaɗi ta fi kauri. To, kiɗan ne ya kaurara ta, ko kuwa wanda aka haifa da gada mai kauri ne kiɗa ya zo masa da sauƙi, ya ji daɗinsa ya zauna a kai, sauran suka watsar? Hoton rana guda ba zai raba wannan gardama ba. Schneider da kansa ya lura cewa girman wurin jin nan yana tafiya da makin da mutum ya ci a jarrabawar baiwar kiɗa, abin da ke iya nufin wani ɓangare nasa da shi aka zo duniya.

Hausawa sun san gardamar tun kafin na'ura. Akwai makaɗin gado, akwai na haye. Musa Ɗanƙwairo ɗan makaɗi ne, ya tashi yana bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda wajen kiɗa tun yana yaro. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, kuma ba mai cewa hakan ya rage shi da komai. Sai dai a gidan gado abu biyu ne ke zuwa a ƙulle: jinin iyaye, da kuma kunnen da ya sha kiɗa tun a goye da hannun da ya riƙe ganga tun kafin a kai yaro makarantar allo. Wanda ya ce a jininsa yake bai yi ƙarya ba, wanda ya ce a ciki ya tashi shi ma bai yi ba. Aikin masana shi ne kwance ƙullin, kuma hanya biyu suka bi.

Ta farko, a auna kafin horo da bayansa. A Boston aka ɗauki yara 31 'yan kimanin shekara 6, aka yi wa kowa hoto. A wannan hoton na farko ba a ga bambanci tsakaninsu ba. Yara 15 suka shiga koyon fiyano, rabin awa a mako da malami, sai bita a gida. Sauran 16 darasin kiɗa na aji kawai suke yi a makaranta, waƙa da ɗan buga ganga da ƙararrawa. Bayan wata 15 aka sake hoto. Sakamakon da Krista Hyde da abokan aikinta suka fitar a 2009 ya nuna masu fiyano sun sami ƙarin girma a wurin da ke tafiyar da hannun hagu, da gada, da wurin ji na ɓarin dama. Yaron da wurin motsinsa ya fi canzawa, shi ya fi ci gaba a gwajin yatsu. Akwai ƙorafi ɗaya: ba ƙuri'a aka jefa wajen raba yaran ba, iyalai ne suka zaɓi shiga. Duk da haka wannan na cikin hujjoji mafi ƙarfi cewa horo na sassaƙa ƙwaƙwalwa.

Canjin ma ba ya jiran watanni kafin ya soma. A 1995, a Amurka, Alvaro Pascual-Leone ya sa manyan da ba su taɓa fiyano ba suna maimaita wani gajeren salo na yatsu biyar, awa 2 a rana, kwana 5. Filin da ke juya yatsun a ƙwaƙwalwa ya faɗaɗa cikin kwanakin. Wasu kuma aka sa su zauna gaban fiyano suna yin salon a zuci kawai, ba taɓawa, su ma filin nasu ya faɗaɗa. Wannan canji ne na yadda ƙwayoyin ke aiki, naman bai ƙaru ba tukuna, amma daga nan ake farawa.

Hanya ta biyu, tagwaye. Suwidin tana da babbar rajistar tagwaye, kuma Fredrik Ullén na Cibiyar Karolinska a Stockholm, wanda shi kansa ƙwararren mai fiyano ne mai faya-fayai a kasuwa, ya yi amfani da ita. Tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suka fito, ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne, galibi kuma gida ɗaya suka tashi. In Hassan ya riƙe fiyano Usaini ya watsar, bambancin da ke ƙwaƙwalensu ba za a ɗora wa jini ba. An samo irin waɗannan tagwaye daga gida 9. Hotunan da aka fitar a 2018 sun nuna wanda ke kiɗa ɓawon ƙwaƙwalwarsa ya fi kauri a wuraren ji da motsi, farin sashensa kuma, har da gadar, ya fi tsari.

Rajistar nan dai ta ba da wata amsa da masu cewa naci ne kawai ba su ji daɗinta ba. A 2014 Miriam Mosing da Ullén suka gwada tagwaye kimanin 10,500 kan iya bambance sauti da kari da bugu. Sun gano cewa yawan bitar da mutum ke yi shi kansa yana da gado a ciki, tsakanin kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane. Sannan a tagwaye masu kama ɗaya, wanda ya fi ɗan'uwansa awannin bita bai fi shi kaifin kunne a wannan jarrabawa ba. Ba a ce bita ba ta koya wa yatsu kiɗa ba, ai ba mai tashi daga barci ya ɗauki garaya ya kaɗa. Abin da aka gani shi ne kaifin kunne na asali yana da tushe a jini, kuma jinin na cikin abin da ke zaunar da wani yaro da abin kiɗa har magariba, ƙanensa ya tafi ƙwallo. Gado na jawo horo, horo kuma na sassaƙa ƙwaƙwalwa. Mai neman a ba ɗaya gaskiya a kori ɗaya, hotunan ba za su taimake shi ba.

Wanda ya fara da furfura

Batun shekara 7 ya sake tasowa a Montreal ta Kanada a 2013. Christopher Steele da Virginia Penhune sun lura da wani rauni a binciken baya: wanda ya fara da wuri ai ya fi yawan shekarun kiɗa, to ko yawan shekarun ne ke aiki? Sai suka haɗa makaɗa 36, rabi sun fara kafin shekara 7, rabi bayanta, amma shekarun horonsu daidai. Masu farawa da wuri suka fi kyawun haɗi a sashen gadar da ke sada wuraren motsi na hagu da dama. Masu farawa a makare, a wannan sashe, ba su bambanta da waɗanda ba makaɗa ba.

Ɗalibin da ya dawo aji da shekara 40 zai iya jin wannan ya karaya. Bai kamata ba, don sashe guda na gada guda ake magana. A Regensburg, a 2004, Bogdan Draganski da Arne May suka sa baligai koyon wasan cilla ƙwallo uku sama ana cafewa. Bayan wata 3, sashen toka da ke bin motsin abu da ido ya ƙaru. Da suka daina wasan na wata 3, ƙarin ya fara komawa. A 2008 aka maimaita a Hamburg da mutane 'yan kimanin shekara 60. Ba su kai matasa iya wasan ba, amma ƙwaƙwalwarsu ita ma ta canza.

A Landan kuma an daɗe ba a ba direban baƙar tasi lasisi sai ya haddace tituna kimanin 25,000, karatun da ke cin shekara 3 zuwa 4. Katherine Woollett da Eleanor Maguire sun bi masu koyo 79 tun daga farko. Mutum 39 suka ci jarrabawa, kuma su ne aka ga sashen da ke riƙe taswirar wurare ya ƙaru a hotonsu na biyu. Waɗanda suka faɗi ko suka bari, babu canji. Kiɗa ke nan ba shi kaɗai ke barin sawu ba. Makaɗa sun zama abin so ga masu bincike ne don horonsu na farawa da wuri, yana daɗewa, kuma ana iya ƙirga awanninsa.

Abin da hoton bai ce ba

Inda aka fi tafka kuskure shi ne tsalle daga "ƙwaƙwalwa ta canza" zuwa "kiɗa na ƙara basira". A 1993, a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Frances Rauscher ta kunna wa ɗalibai 36 kiɗan Mozart na minti 10, sannan ta ba su gwajin juya siffofi a zuci. Makinsu ya ɗan tashi, ya sauka cikin kusan kwata na awa. Babu jariri a gwajin, babu hoton ƙwaƙwalwa. Jaridu suka ƙara gishiri, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a sa dala 105,000 a kasafin kuɗi don a raba wa kowane jariri faifan kiɗa. Daga baya aka ga cewa sauraron labari mai daɗi ma na yin wannan ɗan aikin ga wanda ya fi son labari. Wartsakewa ce kawai.

Koyon kiɗa na gaske fa? A Toronto, a 2004, Glenn Schellenberg ya kasa yara 144 'yan shekara 6 gida huɗu ta hanyar ƙuri'a: fiyano, waƙa, wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a koya wa komai ba. Bayan mako 36 na darasi, makin gwajin basira na masu kiɗa da waƙa ya tashi da kimanin 7, na sauran da kimanin 4. Ratar maki 3 ce, kuma shi kansa daga baya ya shiga sahun masu gargaɗin kada a zuzuta ta. Yaran Boston ɗin nan da ƙwaƙwalwarsu ta canza, a yatsu da kunne suka fi 'yan uwansu, ba su fi su a gwajin harshe ko na siffofi ba. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da ya shafi yara kusan 7,000, suka ce in an yi rabon da ƙuri'a, aka kuma ba ɗaya rukunin wani abin koyo na daban, amfanin kiɗa ga lissafi da karatu kusan babu. Wasu sun sake lissafin sun ce akwai ɗan amfani kaɗan, gardamar ba ta mutu ba. Uban da ke son ɗansa ya iya lissafi dai, malamin lissafi ya kamata ya nema.

Sai kuma a lura da ƙanƙantar adadin: mutum 9, mutum 30, gida 9. Hoton MRI na da tsada, ƙwararrun makaɗa ba su da yawa. Shi ya sa binciken Zurich na 2021, inda Simon Leipold da Lutz Jäncke suka duba mutum 153, ya yi muhimmanci: ya tabbatar da cewa haɗin wuraren ji na ɓarin biyu ya fi ƙarfi a makaɗa. Amma duk awon nan matsakaicin rukuni ne. Ana samun wanda bai taɓa kiɗa ba gadarsa ta fi ta wani makaɗi kauri, don haka ba likitan da zai dubi hoton yaro ya ce wannan zai yi suna.

Yatsun da suka haɗe

Sassaƙar nan takan wuce gona da iri. A 1964 Leon Fleisher, ɗaya daga cikin manyan masu fiyano na Amurka, yana ɗan shekara 36, ya ga yatsu biyu na ƙarshe a hannunsa na dama sun fara naɗewa cikin tafi da kansu. Ba karaya, ba rauni a tsoka. Ya koma kiɗan da aka tsara don hannun hagu kaɗai, da koyarwa, da jagorancin ƙungiyar makaɗa. Sai a shekarun 1990, da allurar botoks mai sassauta tsoka da kuma tausa, hannun ya fara dawowa, har ya fitar da faifan kiɗan hannu biyu a 2004.

Likitoci na kiran cutar distoniyar makaɗa, kuma tana kama kimanin 1 cikin 100 na ƙwararru. Yawanci ba ta da zafi, kuma takan taso ne lokacin kiɗa, mutum ya ci abinci ya ɗaura maɓalli lafiya lau. Masu fiyano a hannun dama ta fi kama su, masu goge a hagu, wato hannun da ya fi shan aiki. A 1998 Elbert ya auna masu wannan cuta da irin na'urar da ya yi aiki da ita a baya, ya ga filayen yatsunsu a ƙwaƙwalwa sun matso juna har sun shiga cikin juna. In aka yi shekaru ana motsa yatsu biyu kusan lokaci guda da gudu mai tsanani, ƙwaƙwalwa kan fara ɗaukarsu yatsa ɗaya. A Hanover akwai cibiya ta musamman don lafiyar makaɗa, inda Eckart Altenmüller ya yi shekaru yana duba irin waɗannan marasa lafiya, ana sake koya wa yatsu motsi a hankali ɗaya bayan ɗaya.

Kiɗa da magana

Akwai wuri ɗaya da kiɗa ke tsallakawa zuwa wani fanni da hujja mai kyau, shi ne jin magana. A 2007 Patrick Wong da Nina Kraus, a jami'ar Northwestern ta Amurka, suka kunna wa masu jin Ingilishi kalmomin Sinanci, harshen da ba su sani ba, wanda hawa da saukar murya ke canza ma'anar kalma a cikinsa. Tushen ƙwaƙwalwar makaɗa ya fi na sauran bin hawa da saukar daidai. Hausa ma harshe ne mai karin sauti, kuma a kan wannan karin ne kalangu ke kiran sunan mutum da kirarinsa har a gane daga nesa.

Likitoci sun mori wannan kusanci. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta lalata masa wurin magana a ɓarin hagu sau da yawa yakan iya rera abin da ba zai iya faɗa ba. Tun 1973 aka tsara wata hanyar jinya a Boston a kan haka: majinyaci ya rera gajeriyar jimla a kan sauti biyu, sama da ƙasa, ana ɗan buga masa hannun hagu gaɓa-gaɓa, a hankali a janye rerawar a bar magana. A 2009 Schlaug ya yi hoton majinyata 6 kafin wannan jinya da bayan zama kimanin 75, ya ga zaren da ke haɗa wurin ji da na furuci a ɓarin dama ya ƙaru. Mutum 6 ba su isa a yanke hukunci ba, kuma ba kowane majinyaci hanyar ke yi wa aiki ba, amma ana amfani da ita a asibitoci da dama.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya ɗora hannayensa a kan benci. Hannun hagu ya buga sau biyu a daidai lokacin da na dama ke buga sau uku, su fara tare su sake haɗuwa tare. Ya lura da hannun da ke jan ɗan'uwansa. Ya maimaita minti 5 kullum har mako guda, ya zo ya gaya wa aji ranar da hannayen suka fara rabuwa, in sun rabu.

Sannan ɗalibai su kasu biyu-biyu su nemi mai sana'ar hannu a unguwarsu, makaɗi ko mai ɗinkin hula ko masaƙi ko wanzami, su tambaye shi yana ɗan shekara nawa ya fara, gado ne ko haye, kuma wane hannu ko wane yatsa ne ya fi shan aiki. A zama na gaba a tattauna: me ya sa hoton tagwayen Suwidin da na yaran Boston suka fi na makaɗan Düsseldorf ƙarfin hujja a kan cewa horo ne ya kawo canjin, kuma wace tambaya ce har su ma suka bari a buɗe?